Kunyar Iya Ta Fitar Da 'Ya'yana Daga Bishiyar Zuri'a

Assalamu alaikum, Hajiya Mahbuba.

Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, bari in ja kunnen masu karanta wannan fili. Duk mai tsohuwa a gida ya sa ido. Idan ka ga wani ya shigo da fara'a da ledar lemo, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya zaro waya ya ajiye a bakin tabarma ya ce, "Iya, a ba mu tarihi," to kada ka tashi ka ba su wuri. Zauna daram. Ni na tashi na tafi ɗora girki, ga shi yau ina rubuto wa jarida.

Ki taimake ni, Hajiya. Ban saba fitar da zancen gidana waje ba, kuma ba na ganin girman matan da suke yi. Amma abin ya kai inda ya kai. Duk sunayen da za ki gani a nan na canza su.

Ina zaune a Limawa, a nan Dutse. Na yi sakandare, ina koyar da matan aure a wata Islamiyya. Maigidana ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. A nan zan kira shi Ɗayyabu, tun da ba sunansa ba ne. Ya bar ni da babbar 'yata, wadda zan ce wa Najwa, tana jami'a, da Sadisu da yake bi mata, da ƙannensu. Na tarbiyyantar da su a kan tsoron Allah da girmama na gaba, ban taɓa bari wani ya ga gazawata ba.

Kin san abin da ake yayi yanzu. Kowane gida ya buɗe zauren zuri'a a waya. Mutumin da bai san ko ƙanwar uwarsa ta ci abinci yau ba, ya haddace sunan kakan kakansa. Kuma kowa daga Malle ya fito, ko Barno, ko ƙasar Larabawa. Har yau ban ji wanda ya gama bincike ya ce kakansa talaka ne mai noman gero ba. Dangin maigidana na Ringim su ma suka buɗe nasu, suka kafa kwamiti, suka ba wani Zuhair aikin haɗa bishiyar zuri'a. Jikan wan surukina ne, a Legas ya tashi, aikin ofis ya dawo da shi Dutse. Ba zan zalunce shi ba, yana da ladabi. Amma ladabin gaisuwa daban, sanin mutane daban.

Surukata, Iya, tana wurina tun da aka yi mata aikin ido. Ta haura tamanin. Bafulatana ce ta ainihi, kuma maigidana shi ne ɗanta na fari. Ke kin san ma'anar wannan, 'ya'yan yanzu ne ba su sani ba. A gidan ubanta, Baffa Jaji, ta haife shi, da aka yaye shi kuma aka bar shi a can wurin kakanninsa, ita ta koma ɗakin mijinta, Malam Idirisu. Ya tashi yana jin yaran gidan suna ce mata Adda, wato yaya, shi ma ya bi su. Da aka zo ɗaukar yara makaranta, kakan ne ya kai shi, aka rubuta Ɗayyabu Jaji, haka sunan ya bi shi har wurin aiki. Ita kuwa tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama inda yake zaune. Idan za ta aiko mana da man shanu, sai ta ce a kai wa "mutumin Dutse". Ba wanda ya taɓa ruɗewa. Ranar da Malam Idirisu ya rasu, maigidana ne ya zauna a gaba ana yi masa gaisuwa, don shi ne babba.

To, ranar da Zuhair ya zo, ni ina madafa. Daga baya na saurari abin da ya naɗa. Ya ce, "Iya, 'ya'ya nawa Allah ya ba ki?" Ta ce, "Mutane ake ƙirgawa kamar awaki?" Ya yi dariya ya ce to ta faɗi sunayensu. Ta fara daga Sharhabilu, ƙanen maigidana, ta gangaro har auta. Ya ce, "Shi ke nan?" Ta yi shiru. Hajiya, da kin ji tsawon shirun nan da kin gane komai. Sannan ta ce, "Waɗanda za a faɗa ke nan." Ya ce, "Baba Ɗayyabu fa?" Ta ce, "Wannan na gidan Baffa ne."

Sai yaron nan ya je ya zana abinsa. A ƙarƙashin Malam Idirisu ya sa Sharhabilu a sama. Maigidana kuwa ya tura shi gefe, cikin akwatin surukai, a matsayin ƙanen Iya. 'Ya'yana ba su ma fito ba sam, don wai bishiyar ba ta bin reshen surukai. Ya watsa a zauren waya, mutum ɗari da wani abu suka gani. Wata marar ta-ido da ko ta'aziyya ba ta zo mana ba ta rubuta, "Ashe!" Najwa ce ta kawo mini wayar. Ita ce fa ta taya Zuhair buga sunayen wasu gidajen, don ita ma ta kamu da wannan son tarihi, har tana yi mini bayanin amfaninsa.

Na aika a kira shi. Ya zo ya zauna a ƙasa, ya ce, "Hajiya, wallahi ni ban ƙi ba. Amma ga takardarsa ta firamare, Ɗayyabu Jaji. Ga muryar Iya. Kowa na tambaya ya ce Adda yake ce mata." Na ce, "Ka tambaye su me ya sa yake ce mata Adda?" Ya ce kwamiti ne ya kafa doka, ba a sa kowa sai da takarda ko muryar mahaifi ko mahaifiya, domin har wasu da ba a san su ba sun fara cusa kansu cikin zuri'ar. Wai abu mai sauƙi ne, Iya ta ce a waya, "Ɗayyabu ɗana ne na fari," a take zai gyara. Na ce, "Zuhairu, ka je ka tambayi waɗanda suka ci naman sunansa." Ya ce, "Hajiya, mai haihuwar tana raye, me zai kai ni wurin masu cin nama?" Na ce ya tashi ya ɗauki takalminsa.

Na buga wa Sharhabilu. Ya ce, "Haba, ai kowa ya san Yaya yayana ne, ciki ɗaya. Ki bar yaran nan da wasan takardarsu." Na ce to ya faɗi haka a zauren. Ya ce shi ba zai fito gaban jama'a ya ƙaryata uwarsa ba, kuma ba shi da fuskar da zai je ya yi mata wannan tambaya. Ban ga laifinsa sosai ba, amma ban ga amfaninsa ba.

Wasa yake kira, alhali kafin Babbar Sallah za a kai bishiyar nan wurin masu bugawa. Za a rataya ta a taron zumunci a Ringim, a raba wa kowane gida tasa. Yau kowa ya sani, gaskiya ne. Idan mu da muka sani muka mutu fa? Takardar ce za ta rage a bango, jikokina su zo a nuna musu cewa su ba 'yan gida ba ne.

Duk da haka ba zan yarda a sa Iya ta faɗa ba. Bari in gaya miki dalili. Ranar da maigidana ya rasu ta zo daga Ringim ta zauna a ƙuryar ɗaki, ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani. Duk wanda ya durƙusa zai yi mata gaisuwa sai ta nuna ni ta ce, "Ga mai rashin can." Ranar uku da hantsi na zaga bayan ɗaki ɗebo itace, na same ta a tsugune tana wanke hularsa, wadda yake sawa ranar Juma'a. Hular nan ba ta da datti, ni na san haka, don ni na wanke ta. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Ƙura ce ta hau ta." Na juya na ba ta wuri. Hular tana cikin kayanta har gobe. Matar da ta haɗiye sunan nan fiye da shekara sittin, ta haɗiye shi ranar da ake fita da gawarsa, ita za a ɗora wa waya a baki a ce maza faɗa, don wani akwati a takarda ya cika? A watsa muryar 'yan Legas da 'yan Abuja su saurara suna tauna cingam? Ba a gidana ba. Kunyar nan ita ce kaɗai abin da ta riƙe masa, da ita ta so shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai 'yar cikina. Najwa ta ce ita za ta shiga wurin Iya da kanta. Ta tsaya a kaina tana cewa, "Umma, sunan Abba fa ake magana. Kalma biyar ce, ba za ta kashe ta ba." Na ce ke ba ki san abin da yake kashe tsoho ba. Ta ce, "Wato kunya ta fi mu ke nan?" Sannan ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ke ma idan aka tambaye ki, haka za ki tsallake ni?" Na ce ta ɓace mini da gani. Wannan ita ce tarbiyyar waya, Hajiya. Mu da muka tashi, ko a mafarki ba ma yi wa uwa irin wannan tambaya. Tun ranar gaisuwa kawai take haɗa mu, ta ajiye mini abinci ta fita.

Iya ba ta san komai ba, kuma na hana a gaya mata. Tana nan tana harkarta. Jiya ma Sadisu ya shigo ta ce, "Ga ragon mijin nawa, ina cefanen?" Ya ce, "Ai na sake ki, tsohuwa, na samo mai haƙora." Ta jefe shi da mafici, ta yi dariya har tana tari. Wannan dariyar ake so in kashe da hannuna?

Ba tambayarki nake yi ko na yi daidai ba, na san na yi. Abin da nake nema shi ne hanyar da za a mayar da 'ya'yana inda Allah ya sa su ba tare da an tozarta tsohuwar nan ba. Idan babu, to su riƙe bishiyarsu, mu ma ba za mu je Ringim ba.

Kafin nan ga dokar da na kafa, na tara su duka na faɗa musu. Kowa ya fita daga zauren zuri'ar nan. Duk mai shiga ɗakin Iya, ɗan gida ne ko baƙo, ya ajiye wayarsa a kan turmin da yake bakin ƙofa. Kuma muddin ina numfashi, ba mai tambayar babba a gidan nan 'ya'yansa nawa.

Maman Sadisu, Limawa, Dutse.

Amsar Hajiya Mahbuba

Wa alaikumus salam, Maman Sadisu. Allah ya jiƙan maigidanki, ya ƙara wa Iya lafiya, ya saka miki da alheri a kan riƙon da kike yi mata. Ba kowace suruka ce za ta tsaya wa uwar mijinta haka ba bayan mijin ya tafi.

Kin ce ba ki tambaye ni ko kin yi daidai ba. Zan faɗa miki duk da haka. A kan cewa ba za a matsa wa Iya ta ambaci sunan nan ba, ina bayanki ɗari bisa ɗari. Dokar ajiye waya a kan turmi ma ki bar ta, ta yi kyau. Amma fita daga zaure da ƙin zuwa Ringim kuskure ne. Idan kuka janye, kun sa wa takardar hannu ke nan. Mai cewa "ashe" za ta ce ga shi nan, ko taron ba su zo ba.

Shi ma Zuhair ki sassauta masa. Aikin da yake yi na kirki ne. Da wani ya yi irinsa shekara hamsin da suka wuce, lokacin da masu sani suke da yawa, da ba a kai ga haka ba. Dokar kwamitinsu tana da dalili. Kuskurensa shi ne ya saurari maganar Iya bai saurari shirunta ba, kuma ba wanda ya taɓa koya masa. Ku da kuka sani ku ne ba ku faɗa ba.

Hanyar da kike nema tana cikin wasiƙarki, kin rubuta ta ba ki lura ba. Iya tana ce wa Sadisu mijinta, shi yana ce mata ya sake ta. Wace gwaggo ce take wannan wasa da ɗan ƙanenta? Da maigidanki ƙanen Iya ne, da Sadisu ɗa ne a wurinta, da bai isa ya buɗe baki ya ce mata marar haƙora ba. Wasan jika da kaka ne, kuma kunyar ɗan fari ba ta hau kan jika ba. Bakin da ba zai iya cewa "ɗana" ba, zai iya cewa "jikana" ba tare da wata wahala ba.

Saboda haka ki kira Sharhabilu ya zo Dutse, ya zo da dattijo ɗaya daga cikin kwamitin. Ki gaya masa ba ƙaryata uwarsa zai yi ba, fassara ta zai yi, kuma wannan haƙƙin marayun yayansa ne a wuyansa. Ki kira Zuhair, ya ajiye wayarsa a kan turmi kamar kowa. Su shiga gaishe ta, Sadisu yana wurin. Kada wanda ya tambaye ta 'ya'yanta. A tambaye ta Sadisu mene ne a wurinta, kuma ta wajen wa. "Mutumin Dutse" ya isa amsa. Dattijon da Sharhabilu su shaida wa kwamiti abin da suka ji. Na tuntuɓi wani malami a kan wannan, ya ce nasaba tana tabbata da shaidar amintattu da abin da ya shahara a tsakanin mutane, ba sai uwa ta furta ba. Kwamitin zumunci bai isa ya fi shari'a tsanani ba. Kuma Zuhair ya rubuta a ƙasan sunan cewa ɗan fari ne da ya tashi a gidan kakansa, ya koma ya sake duba sauran gidajen, don ina da tabbacin ba maigidanki kaɗai aka tsallake ta wannan hanya ba.

Amma kada a yi wa Iya wayo. Kafin su zo ki zauna da ita, ku biyu, ki ce mata an rubuta zuri'a an manta da yaran nan. Ba sai kin ambaci kowa ba, za ta gane. Kin yanke mata hukunci ba ki ji ta bakinta ba. Matar da ta wanke hular nan ba za ta so a ce maganarta ce ta fitar da shi daga gidan ubansa ba. Ki ba ta dama ta gyara ta hanyar da ta iya.

Saura Najwa, kuma a nan zan ɗan taɓa ki. Kin sa hannu a wasiƙarki da Maman Sadisu, alhali ba shi ne babba ba. Yarinyar nan ba rashin kunya ta yi miki ba, tsoro ta ji. Ta ga an share ubanta da shiru, ta duba ta ga ita ma 'yar fari ce. Tambayarta tana nan ba ki amsa ba. Ban ce ki bar al'adarki ba, ban ce ki kira sunanta a tsakar gida ba. Amma ke kin yi makaranta, kina da abin da Iya ba ta samu ba. Idan an zo rubuta reshen gidanku, kada ki bar wa Zuhair. Ki karɓi biron da kanki, ki kira ta ta tsaya kusa da ke, ki fara da sunanta tana kallo.

Allah ya shirya miki zuri'a, ya haɗa kanku, ya kai mu Sallah lafiya. Ku je Ringim, kuma ku zauna a sahun gaba.